Hayar Masaukin Baƙi da Harajin Gwamnati: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Ƴan uwanmu da ke zaune Abijan, Akara, Kwatano, Tamanrasat da Makka sukan aiko mana tambaya kusan iri ɗaya: idan mutum ya tara abin da Allah ya hore masa ya gina gida a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai don saukar baƙi, gidan zai fid da kuɗinsa kuwa? Na ƙauye su kuma tasu tambayar daban ce. Sukan ce, baƙo ya kwana a birni ya biya mai gida, to mu da ke noman albasa da kiwon awaki ina ruwanmu? Tambayoyin biyu amsarsu tana wuri guda, shi ya sa muka haɗa su a wannan bayani.

Abin da muke nufi da hayar masaukin baƙi shi ne ba da ɗaki ko gida dungum ga wanda ya zo na ɗan lokaci, kwana biyu, mako guda, ko wata ɗaya, da gado da sauran kayan ɗaki a ciki. Otel na ciki, ƙananan gidajen saukar baƙi na ciki, haka ma gidan mutum na kansa da yake ware wani sashe ya bayar. Motar haya da raƙumin haya da ake bai wa masu yawon buɗe ido su ma lissafinsu ɗaya ne. Manufar kuɗi ta gwamnati kuwa hannu biyu gare ta: hannun da ke karɓa, wato haraji ko lanho da kuɗin duwan, da hannun da ke kashewa, wato kasafin kuɗi.

Yadda kuɗin baƙo ke zagaya gari

Bari mu yi misali, ba wai farashin wani gida muke faɗa ba. A ce baƙo ya kama ɗaki jaka 15 a dare, ya yi kwana huɗu. Jaka 60 ke nan ta shigo gari daga waje. Mai gida ba binne ta zai yi ba. Zai biya mai gadi da mai shara da mai wanki, ya biya wuta da ruwa, ya kira magini ya gyara katangar da damina ta ci, ya yi cefane. Mai gadi ya karɓi nasa ya sayi tiyar hatsi. Mai hatsi ta sayi itace da daddawa. Haka kuɗin ke sauya hannu, kuma duk inda suka sauka sun zama abin shigar wani.

Masana tattalin arziki suna da lissafin wannan abu, kuma ba shi da wuya. Idan kowane mutum da kuɗin suka shiga hannunsa ya kashe rabi a cikin gari, to jaka 60 za ta haifi 30, 30 ta haifi 15, haka har ya ƙare, jimilla wajen jaka 120. Idan kashi uku cikin huɗu ake kashewa a gari, jimillar ta kai 240. Idan kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, ba za ta wuce 80 ba. Ke nan ba yawan abin da baƙo ya biya ne kaɗai abin dubawa ba, har da tsawon zaman da kuɗin ke yi kafin su fice.

Kuma suna ficewa da sauri. Wannan shi ne yoyon tulun. Shinkafar da aka dafa wa baƙo daga Asiya ta zo, na'urar sanyaya ɗaki daga Sin ko Dubai, kayan gyaran mota daga waje, madarar gwangwani ma haka. Idan mai masaukin yana zaune wata ƙasa kuma can ake aika masa ribar, nan ma wani yoyon ne. Mafi girman yoyo kuwa tun kafin baƙon ya taso ake yin sa: Baturen da ya sayi tafiyarsa dunƙule a Paris, kuɗin jirgi da ladan kamfanin tafiye-tafiye can suke zama, abin da ke isowa nan ragowa ce.

To nan ne na ƙauye ke shigowa. Masaukin da ke sayen tumatir da albasar Galmi, da kaza da zabo daga kasuwar ƙauye, da cuku da kilishi, da tabarmar kaba da gadon da kafinta na unguwa ya ƙera, ya fi amfanar jama'a a kan wanda ya fi shi tsada amma komai nasa daga tashar jirgin ruwa ya fito.

Abin da Agadas ta gani

Ba mu da wurin da ya ɗanɗana daɗin wannan harka da ɗacinta kamar Agadas. Tun shekarun 1970 da 1980 Turawa ke zuwa kallon duwatsun Abzin da rairayin Tenere. Tseren motocin Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha bi ta can, ya kuma sa sunan garin a talabijin ɗin Turai. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa yanzu, yana cikin waɗanda suka fara buɗe kamfanin kai baƙi daji, mai suna Temet Voyages. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya.

Lokacin baƙi lokacin sanyi ne, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Kowace tawaga da za ta fita daji tana bukatar motoci kat-kat na haya, da direbobi, da ɗan jagora, da mai dafa abinci. Kafin su fita sai an sayi rago, an sayi gawayi da shayi da sukari. Lambunan Timiya da Tabelot da Bagzam suna ba da lemo da dankali da tafarnuwa. Masu raƙuma suna ba da haya. Maƙera suna sayar da kayan azurfa, mata suna sayar da kayan fata. A cikin gari gidajen ƙasa na tsohuwar unguwa aka riƙa gyarawa ana mai da su masauki, kuma magina masu aikin laka suka samu abin yi. Har fim an yi a can: Bertolucci, ɗan ƙasar Italiya, ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa da ya fito a 1990 a cikin Agadas.

Sai tawaye ya ɓarke a farkon shekarun 1990, baƙi suka ɗauke ƙafa. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yau muke hutu dominta, shi kuma Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar wannan shekara. Bayan haka harka ta farfaɗo. Abubuwa biyu suka taimaka. Na farko, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya sa ƙasarmu ta yi araha ga mai kuɗin Faransa, duk da cewa mu ya jiƙa mana aiki a kasuwa. Na biyu, kamfanin Point-Afrique ya riƙa kawo jirgi daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas, ba sai an sauka Yamai an kama hanyar kusan kilomita dubu ba. A 1998 Alphadi ya yi bikin FIMA na farko a Tigidit.

Wannan zamanin ya ƙare a 2007, da tawayen MNJ ya tashi a watan Fabrairu aka kuma fara dasa nakiyoyi a hanya. An fasa tseren Dakar na 2008, daga 2009 aka mai da shi Amurka ta Kudu. A Satumbar 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, a Janairun 2011 aka sace Faransawa biyu a tsakiyar Yamai. Faransa ta shafa wa arewacin ƙasar jan fenti a taswirarta, ma'ana kada ɗan ƙasarta ya je, kuma kamfanonin inshora ba sa yarda da tafiya zuwa irin wannan wuri. Abin takaici, a 2013 ne UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerinta, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27, a lokacin da masu zuwa kallo suka riga suka ƙaurace.

Abin da ya kamata mai niyyar gini ya lura da shi a nan: lissafin nan na ninki baya ma yake yi. Yadda jaka 60 ke zama 120 idan ta shigo, haka rashinta ke zama rashin 120. Ba mai otel kaɗai ya ji a jikinsa ba, har mai lambu a Timiya da bai taɓa magana da Bature ba.

Gidaje da motocin ba su ɓace ba, baƙin ne suka sauya. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, masu bi ta Agadas zuwa Libiya suka ƙaru ƙwarai. Gidajen da ake kira geto suka cika, direbobin da suka san Tenere suka koma jigilar su zuwa Dirku da gaba. A 2014 aka gano zinariya a Jado, wasu suka koma can. Sai dokar 2015-36 ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Ma'aikatar magajin gari ma ta ji, don kuɗin tasha da na kasuwa sun ragu. An soke dokar a Nuwambar 2023. A tsakanin nan ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan Turai suka kama manyan gidaje haya, Amurka kuma ta gina sansaninta na 201 da sama da dala miliyan 100, dalar Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba. Sojojin nata sun fice a 2024. Cikin shekara 30 da ɗoriya, mai gidan haya a Agadas ya ga iri huɗu ko biyar na baƙi, kuma babu wanda tafiyarsa ta kasance da shawararsa.

Kure ma ta ga irin haka. Raƙuman dawan da ke can, wajen kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har zuwa kimanin 50 a 1996, daga baya suka haura 600 saboda kulawa, ƴan jagoran yankin kuma suna samun na cefane daga masu zuwa kallo. Harin 9 ga Agusta 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu, ya tsayar da wannan. Mutanen jahar Maraɗi dai suna da nasu yanzu, tunda a 2018 an kai raƙuman dawa takwas dajin Gadabeji.

Wanda ke biyan kuɗin da ba a rubuta ba

Ba alheri kaɗai ke malala ba. Idan mai gida ya ga kwana goma na baƙo sun fi kuɗin wata na malamin lakkwal, zai sallami malamin. Gida ɗaya ba komai, amma idan unguwa duka ta yi haka, haya ta tashi ga kowa, kuɗin fili ya tashi, ruwan famfo ya yi ƙaranci. Mazauna Yamai sun san yadda wasu unguwanni suka fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati saboda ofisoshin ƙungiyoyin waje. Alhazanmu kuma sun san yadda gidajen da ke kusa da Harami ke tsada a lokacin aikin Hajji, har mazauna su bar gidajensu su bayar haya.

A Turai abin ya yi tsanani bayan zuwan Airbnb, kamfanin Amurka da aka kafa a 2008 wanda ke haɗa mai ɗaki da baƙo ta intanet. Kafin 2025 Paris ta ƙayyade wa mutum dare 120 a shekara idan gidan da yake zaune ne zai bayar, Landan dare 90, Amsterdam 30. Hukumar birnin Barcelona ta sanar a Yunin 2024 cewa za ta soke lasisin gidaje wajen 10,000 zuwa Nuwambar 2028 don su koma hannun mazauna. Mu ba mu kai nan ba, matsalarmu ma ta rashin baƙi ce, amma hanyar da abin ke bi ɗaya ce ko a Barcelona ko a unguwar Filato.

Hannun da ke karɓa

Babban harajin da ya shafi masauki shi ne TVA, wanda a ƙasarmu kashi 19 cikin ɗari ne a ƙa'ida ta gama-gari.  Sai fatanti, da harajin riba, da harajin da doka ta ɗora wa gine-gine da kuɗin haya, da na duwan a kan kayan da aka shigo da su. Otel mai lambar NIF da takardu ba shi da wurin ɓuya, ma'aikatar DGI ta san ƙofarsa. Gidan da ke bayan layi, wanda ake kamawa ta WhatsApp a biya hannu da hannu, sau da yawa ba ya biyan ko dala. Sakamakon haka mai bin doka ya fi tsada, baƙo ya tafi wurin wanda ba ya bi, gwamnati ta ga kuɗi sun ragu ta ƙara matsa wa wanda take gani. A ganinmu wannan shi ne babban rashin adalci a harkar, fiye da yawan harajin kansa.

Ƙasashe na bin hanyoyi daban. Senegal ta rage TVA na masaukin ƴan yawon buɗe ido zuwa kashi 10, alhali na sauran kaya 18 ne, da fatan baƙi su ƙaru har abin da aka yafe ya dawo ta wata hanya. Wani lokaci yana dawowa, wani lokaci mai otel ne ke cinye rangwamen bai rage farashi ba. Faransa tana da ɗan harajin kwana tun 1910, ana karɓar sa a kan kowane baƙo kowane dare, kuma aljihun kwamin yake shiga, ba na gwamnatin tsakiya ba. Tun 2015 Airbnb ke karɓar sa a madadin birnin Paris. Hikimar irin wannan haraji ita ce baƙo ne ke biya, garin da ya ɗauki nauyin shararsa da ruwansa ne kuma ke amfana.

Wannan batu na wa ke riƙe kuɗin ba ƙarami ba ne a wurinmu. Tun zaɓen kwamin-kwamin na 2004 aka ɗora musu nauyin kasuwa da tasha da tsabta, amma abin shigarsu kaɗan ne: kuɗin kai, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, da kason da Yamai ke mayarwa, wanda yakan makara. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa kwamin-kwamin yankin da ake haƙa kashi 15 na kuɗin da ake samu, ga misali ke nan cewa ana iya rubuta kason gari a cikin doka.

Ita ma gwamnati tana da nata uzurin. Ƙungiyar UEMOA ta sa burin kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 na arzikin da take samarwa a shekara, mu kuwa wajen rabin haka muke tarawa. Amma duk lokacin da aka taɓa gida, jama'a na tashi. Ba mu manta da dokar kasafin kuɗi ta 2018 ba, wadda ta zo da harajin mazauni, aka yi ta zanga-zanga, har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula a Maris na shekarar.

Hannun da ke kashewa

Gwamnati na iya kawo baƙi da kanta. Bikin 18 ga Disamba mai zagaya jahohi shi ne misalin da kowa ya gani: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gina gidajen saukar manyan baƙi. A makon biki duk mai ɗakin da ya rage ya samu wanda zai kama. Tambayar ita ce bayan an watse. Kwalta da magudanar ruwa suna amfani kullum, gidan da aka gina don baƙin kwana uku kuwa sai an nemo masa mai zama.

Taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a Yulin 2019 ya fi wannan girma. Dominsa aka sabunta filin jirgin Diori Hamani, aka gina otel-otel irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, da niyyar mai da Yamai garin taruka. Watanni kaɗan bayan haka cutar korona ta rufe filayen jiragen sama. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi har zuwa Fabrairun 2024, aka rage kasafin 2023 da kusan kashi 40, daga miliyar 3,290 zuwa 1,980. Taruka da tafiye-tafiyen ma'aikata suka ragu, ƙungiyoyin waje da dama suka tattara, kuma masu gidajen da suka dogara da su suka koma neman ɗan haya na gida a farashin da ba su saba ba. Wannan ya nuna mana cewa a ƙasa irin tamu, mafi yawan masu cika ɗakunan otel ba masu kallon duwatsu ba ne, ma'aikata ne da mahalarta taro, kuma kuɗinsu daga kasafin gwamnati ko na masu ba da tallafi yake fitowa.

Baƙin da ba su cika yankewa ba

A kudu baƙinmu na gida ne da na maƙwabta. Gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana cika gari kwana goma, kuma kusan duk kuɗin da ake kashewa a cikinta kan tuwo, tsire, kabu-kabu da ɗakin kwana suke ƙarewa, yoyonsu kaɗan ne. Haka Maulidin Kiyota, da bikin Ingal na watan Satumba, da Biyanu a Agadas, da hawan salla a fadar Damagaram, da bukukuwan aure. Sai fatake daga Katsina, Kano, Daura da Sakkwato. Su ma dai suna da abin da ke tsayar da su: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma idan naira ta faɗi ɗakin jaka 10 yakan yi wa Bakano nauyi. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, idan ya kammala, zai sauya lissafin unguwannin da ke kusa da tasha.

Ga ɗan uwa da ke ƙetare yana shirin aiko da kuɗin bulo, abin da muka fahimta daga duk wannan shi ne ya ƙirga darare nawa ɗakin zai cika a shekara, ba nawa ake biya a makon biki ba. Ɗakin jaka 15 da ke cika dare 40 ya kawo jaka 600, wanda ake haya jaka 50 a wata shi ma jaka 600 ya kawo, ba tare da wankin zanen gado da sayen gazuwal na janareto ba. Ya gina yadda in baƙi suka yanke zai iya raba gidan ga iyalai biyu ko uku. Ya tabbata takardar fili tana hannunsa da sunansa, ya je ofishin haraji da ma'aikatar magajin gari ya ji abin da ke kansa tun kafin ya buɗe, ya karɓi rasit a kan duk abin da ya biya. Ya kuma riƙa rubuta sunan duk wanda ya sauka da lambar takardarsa, kamar yadda otel-otel ke yi wa ƴan sanda, don a halin da ake ciki na tsaro mai gida ne za a fara tambaya.